Likita, Me Ya Haɗa Ku Da Kwamfuta?

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk abu ɗaya suke zagayawa. Asibitoci suna ta barin fayil na takarda suna komawa ajiye bayanan marasa lafiya a kwamfuta, likitoci kuma wasu na murna, wasu na gunaguni, wasu sun yi kunnen uwar shegu. Na zaɓo guda biyar, na rage tsawon waɗanda suka yi yawa. Kamar kullum, ban sa sunan kowa ba.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni dattijo ne, na daɗe ina fama da hawan jini da ciwon suga, kuma likita ɗaya nake gani shekara da shekaru. A da in na shiga sai ya dube ni, ya tambaye ni iyali, ya kama hannuna. Tun da aka kawo musu kwamfuta ƙeyarsa kawai nake gani. Ina magana yana danne-danne, wani lokacin har ya ce in maimaita. Raini ne ko ya gaji da ni ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ba raini ba ne, kuma ina kyautata zaton abin yana damunsa fiye da yadda kake tsammani. Lokacin da kake kallon ƙeyarsa, gurabe yake cikewa. Manhajar tana tambayarsa abin da ya kawo ka, awon jininka, nauyinka, magungunan da kake sha, ko akwai wanda jikinka ba ya so, sannan ta ce ya zaɓo sunan ciwonka daga wani dogon jeri. Da yawa daga cikin manhajojin nan ba sa barin likita ya rubuta magani sai ya gama da waɗannan. Da biro yakan rubuta layi uku a gajarce alhali idonsa na kanka. A kwamfuta kuwa, in hannunsa bai faɗa ba, dole ya sunkuya yana farautar haruffa ɗaya bayan ɗaya.

An taɓa auna abin. A 2016 wasu masu bincike a Amurka sun bi likitoci 57 a wuraren aikinsu, suna lissafa inda lokacinsu ke tafiya. Kashi 27 cikin ɗari ne kawai ya tafi a zama ido da ido da mara lafiya, kusan rabi kuma kwamfuta da aikin tebur suka cinye. Wato duk awa ɗaya da likita ya yi da ku, sai ya yi kusan biyu yana rubutu. Wasu cikinsu sun ce bayan sun koma gida da dare ma sukan ƙara awa ɗaya zuwa biyu suna ƙarasa abin da ya rage.

Sai dai ba zan wanke abokin aikina tas ba, don akwai abin da ke hannunsa. Teburin da aka jingina da bango shi ke sa likita ya ba mara lafiya baya, kuma juya tebur ba ya bukatar izinin kowa. Ni in mutum ya shigo ba na taɓa madannai sai ya gama faɗin abin da ya kawo shi. Daga nan sai in ce masa, "Bari in rubuta wannan kada ya shige min," in karkato allon yadda mu biyun za mu gani. Kana iya roƙon likitanka haka cikin raha, tsohuwar sabo tana da ranarta.

Kuma tunda kwamfutar ta zo, ka more ta. In ka koma, ka ce ya jero maka awon jininka da sakamakon gwajin ƙodarka na shekarun baya a allo ɗaya. Ga mai suga da hawan jini wannan babban abu ne, domin ƙoda a hankali take raunana, sakamako ɗaya ba ya nuna komai sai an jera shi da na baya. A fayil ɗin takarda 'yan ƙananan takardu ne ake liƙawa, wasu sun faɗi, wasu sun koɗe, likita ba shi da lokacin tattaro su alhali layi na jiransa a waje.

Tambaya: Ranki ya daɗe Likita. Ni matashi ne, aikina kwamfuta. Asibitin da nake aiki ya sayi manhajar ajiye bayanan marasa lafiya, aka ɗora min alhakin ganin kowa ya yi amfani da ita. Masu karɓar kuɗi da 'yan ɗakin kati sun karɓa hannu bibbiyu, amma manyan likitoci sun ƙi. Wani ma cewa ya yi shi ba akawu ba ne. Mun shirya musu horo, rabinsu ba su zo ba. Yanzu shugabanni sun ce a kwashe fayil-fayil na takarda rana ɗaya, kowa ya shiga taitayinsa. Ni a ganina tsufa ne da tsoron sabon abu. Ko ba haka ba?

Amsa: Ɗana, kafin ka ɗora wa tsufa, ka dubi mutumin nan da kyau. Wayar da ke aljihunsa ta zamani ce. Na'urar hoton ciki da yake aiki da ita ta fi manhajarka wuyar koyo, kuma ba wanda ya bi shi da sanda kafin ya koya. Ruwa ba ya tsami banza. Amsar tambayarka tana cikin wasiƙarka: su wa suka karɓa da murna? Waɗanda manhajar ta rage wa aiki. Mai karɓar kuɗi ya huta da lissafi, ɗan ɗakin kati ya huta da hawa tsani yana neman fayil, shugabanni sun samu rahoton wata ba tare da jira ba. Bayanan da duk waɗannan suke mora, likita da nas ne ke shigar da su. Wahalar tana kan wani, daɗin yana wurin wani. Da likitan nan ya ce maka shi ba akawu ba ne, wannan yake nufi, ko da yake bai iya faɗa ba.

Ba a asibitinku aka fara ba. A ƙarshen 2002 asibitin Cedars-Sinai da ke Los Angeles, wanda ba ya rasa kuɗi ko ƙwararru, ya ƙaddamar da tsarin da likitoci za su riƙa shigar da umarninsu ta kwamfuta. Watanni kaɗan aka yi likitoci suka yi masa bore, suna cewa abin da suke rubutawa cikin daƙiƙoƙi ya koma cin mintuna, kuma tsarin ya ishe su da gargaɗi marasa kan gado. A Janairun 2003 aka dakatar da shi. A Ingila gwamnatin Tony Blair ta fara wani gagarumin shiri a 2002 na haɗa bayanan marasa lafiya na ƙasar a tsari ɗaya. Daga sama aka tsara shi, aka ba manyan kamfanoni kwangila, ba a saurari masu aiki a gefen gado yadda ya kamata ba. A 2011 aka sanar da wargaza shi, kuma kwamitin majalisa ya ƙiyasta kuɗin da zai laƙume da kusan fam biliyan 10.

Abin lura shi ne, a ƙasar dai ta Ingila, likitocin iyali masu ƙananan asibitocin unguwa sun riga sun rungumi kwamfuta tun kafin wannan shiri. Ɗaya daga cikin manhajojin da suka fi amfani da ita, EMIS, likitoci ne 'yan'uwansu suka fara rubuta ta a shekarun 1980 don magance matsalar da suke gani a teburinsu. Haka VistA ta asibitocin tsofaffin sojojin Amurka, ma'aikatan asibitocin ne da masu rubuta manhaja suka gina ta kafaɗa da kafaɗa tun ƙarshen shekarun 1970, wani lokaci ma ba da son shugabanninsu ba. Fuskarta ba ta da kyan gani, amma likitoci sun daɗe suna yabon ta. Lokacin da guguwar Katrina ta mamaye New Orleans a 2005, ruwa ya lalata fayilolin takarda masu yawa, su kuwa marasa lafiyan da bayanansu ke cikin VistA duk garin da aka kai su likita ya iya buɗe tarihinsu. OpenMRS ma, wadda kyauta ce kuma ƙasashe da dama ke amfani da ita, ta samo asali ne a 2004 daga bukatar masu kula da masu cutar ƙanjamau, musamman a Eldoret ta Kenya, inda tarin marasa lafiya ya fi ƙarfin takarda. A duk wuraren nan likitoci ne irin waɗanda kake kuka da su.

Kada kuma yawan masu amfani ya ruɗe ka. A 2008 kashi 9 cikin ɗari ne kawai na asibitocin Amurka ke da irin wannan tsari, zuwa 2015 sun haura kashi 80. Abin da ya faru a tsakani shi ne dokar HITECH ta 2009, wadda ta ware biliyoyin daloli ga wanda ya karɓa, ta kuma tanadi rage kuɗin da gwamnati ke biyan wanda ya ƙi. An samu biyayya. Ƙorafin likitocinsu kan gajiya da ƙosawa da aiki kuwa sai ma ya ƙaru.

Maganar kwashe fayil rana ɗaya ita ta fi tayar min da hankali, kuma ina roƙonka ka kai wa shugabanninka wannan labarin. A 2002 asibitin yara na Pittsburgh a Amurka ya koma shigar da umarni ta kwamfuta cikin kwana 6. Likitocin sashen kulawa ta musamman sun wallafa rahoto a 2005 cewa a cikin yaran da ake turo musu daga wasu asibitoci a mawuyacin hali, mace-mace sun tashi daga kashi 2.8 zuwa kashi 6.57 cikin ɗari. Dalilan da suka kawo na yau da kullum ne. A da tun yaro na kan hanya ake rubuta magungunansa a tanada, sabon tsarin ya hana sai ya iso an yi masa rajista. An kwashe magungunan gaggawa daga sashen an mayar babban ɗakin magani. Likita ɗaya ya koma zaman kwamfuta maimakon tsayuwa a gefen gado. An yi ta jayayya a kan hanyar da aka bi wajen binciken, gaskiya ne. Amma asibitin yara na Seattle, da ya sayi manhaja daga kamfani ɗaya, ya yi nazarin abin da ya faru a Pittsburgh, ya shirya wa gaggawa hanyarta tun kafin farawa, kuma bai ga ƙarin mace-mace ba.

Duk da haka, ba kowace turjiya ce mai tsarki ba, na san mutanena. Akwai wanda abin da yake gudu shi ne kwamfuta tana rubuta ƙarfe nawa ya zo zagaye, da ƙarfe nawa ya duba sakamakon gwajin da ya kwana yana jiransa. Takarda tana rufa asiri, a rubuta yau a sa kwanan watan jiya. Akwai kuma wanda kunya ce kawai: mutum ya shekara talatin ana girmama shi, yanzu a zaunar da shi a aji ɗaya da ɗalibansa yana neman harafi da yatsa ɗaya. Rabin da ba su zo horonku ba, ina zargin da yawansu nan suke. Irin wannan a ofishinsa ake samun sa, a rufe ƙofa, a koya masa shi kaɗai. Na farkon kuwa aikin shugabanni ne, ba naka ba.

Abin da zan so ka yi, ka nemi izini ka zauna a bayan likita ɗaya a ranar da layi ya fi tsawo, kada ka ce uffan. Ka ƙirga sau nawa yake dannawa kafin ya rubuta maganin zazzaɓi ɗaya, da sau nawa manhajar ta kore shi ta ce ya sake sa lambar sirri, da daƙiƙa nawa shafi ke ɗauka kafin ya buɗe. A wani asibiti da na yi aiki, manhajar ba ta barin a rubuta magani sai an cike gurbin sana'ar mara lafiya, ko da jariri ne. Likitoci suka koma danna duk abin da ya zo farko a jeri, aka wayi gari rahoto na nuna jarirai ma'aikatan gwamnati. Ka tattaro irin waɗannan, ka gyara uku cikin mako ɗaya, ka koma ka ce wa likitan, "Ga abin da ka yi ƙorafi a kai, an gyara." Ku fara da sashe ɗaya. A rage yawan marasa lafiyan da ake ba kowane likita a makonnin farko, don dole aiki ya yi nawa. Kuma kafin a ɗauke takarda ko ɗaya, a amsa tambayar da kowane likita ke yi a zuci: in wuta ta ɗauke ko intanet ya tsaya da tsakar dare, ga mai naƙuda tana zubar da jini, me zan yi? Ba tambayar ƙauyanci ba ce. A Mayun 2017 ƙwayar cutar kwamfuta ta WannaCry ta durƙusar da asibitoci da dama a Ingila, aka soke ganin likita kusan 19,000, wasu wuraren suka koma biro da takarda.

Tambaya: Salam Likita. Ni nas ce a ɗakin kwanciya. Babban likitanmu ba ya shiga kwamfuta sam. Ya ba mu lambar sirrinsa, in ya zo zagaye sai ya faɗi magani da baki, mu shigar da sunansa. Abin yana ba ni tsoro, amma ina jin nauyin yi masa magana.

Amsa: Sista, tsoronki yana kan hanya, ki daina daga yau. Manhajar tana ajiye sawun duk wanda ya shiga, da lokacin, da kwamfutar da aka yi amfani da ita. Ranar da wani abu ya ɓaci, rubutu zai nuna likita ne ya shigar, shi kuma zai ce a lokacin yana ɗakin tiyata, jadawalin aiki kuma zai nuna ke ce a wurin. Kin zama mai rubuta magani da sunan wani, kuma ba ki da shaidar abin da ya faɗa miki.

Bayan batun kare kanki, wannan ɗabi'a tana rushe babban dalilin kawo kwamfutar. A 1999 wata kotu a Texas ta ɗora wa wani likitan zuciya da mai ba da magani biyan diyyar jimillar dala 450,000, saboda likitan ya rubuta Isordil da hannu, mai maganin ya karanta Plendil, mara lafiyan ya sha fiye da abin da ya halatta nesa ba kusa ba ya mutu. Irin wannan ake son kawarwa: abin da ke kan likita ya isa ɗakin magani ba tare da wani ya yi hasashe a tsakani ba. Binciken da aka wallafa a 1998 daga asibitin Brigham and Women's na Boston ya nuna manyan kurakuran magani sun ragu da kashi 55 cikin ɗari, amma a can likitocin ne da kansu suke shigar da umarni, su ne kuma ke ganin gargaɗin da ke fitowa. A ɗakinku an cire haɗarin mummunan rubutu an maye gurbinsa da haɗarin kuskuren ji, kuma sha biyar da hamsin a bakin mai sauri cikin hayaniyar zagaye ba su da wuyar rikicewa, musamman in da Turanci aka faɗa.

Umarnin baki yana da ƙa'idarsa a aikin asibiti, don gaggawa. Ki shiga da lambarki, ki rubuta cewa umarnin baki ne daga likita wane, ki karanta masa abin da kika rubuta ya amsa, shi kuma ya shiga daga baya ya sa hannu. In manhajarku ba ta da wannan gurbi, a nema. Kuma ba ke kaɗai za ki tunkare shi ba. Ki kai wa shugabar nas-nas ta ɗakin, ita ta ɗauki maganar a matsayin ta kowa.

Tambaya: Malama, barka da aiki. Ni sabon likita ne, da kwamfuta na tashi, ban ga abin ƙorafi ba. Nakan kwafo bayanin jiya in ɗan gyara, gargaɗin da ke fitowa kuma in danna in wuce tunda yawancinsu shirme ne. Nakan gama rubutuna kafin kowa. Me ya sa manya ke ɗaukar abin da zafi haka?

Amsa: Ƙanena, kai ka fi ba ni tsoro a kan tsohon da ya ƙi taɓa madannai. Shi kowa ya san matsalarsa. Taka kuwa ba ta fitowa, shugabanni ma yaba maka za su yi.

A 2017 an binciki dubban bayanan da likitoci suka rubuta a wani asibitin koyarwa na San Francisco. Kashi 18 cikin ɗari ne kawai na rubutun likita ya buga da hannunsa, kashi 46 kwafe ne, saura manhaja ce ta jawo daga wasu shafuka. Na sha karanta bayanin da ke cewa "kwana ɗaya bayan tiyata" mako guda a jere, da wanda ke cewa mara lafiya na shan maganin da aka tsayar tun shekaranjiya, da wanda ke cewa bugun jini na ƙafafu biyu lafiya lau alhali an yanke ɗaya. Likitan da aka taso da ƙarfe uku na dare, bai san mara lafiyan ba, da rubutunka zai yi aiki. In ya gane kwafe ne zai daina yarda da shi gaba ɗaya, in bai gane ba abin ya fi muni.

Tsawon rubutu ma wata cuta ce. An kwatanta bayanan likitocin Amurka da na takwarorinsu a wasu ƙasashe masu amfani da manhaja iri ɗaya, aka ga na Amurka sun kusan ninka sau huɗu a tsawo, saboda ana rubuta su ne don gamsar da masu biyan kuɗin inshora da kuma tsoron shari'a. Dokta Lawrence Weed, wanda tun 1968 ya fito da tsarin rubuta bayanin mara lafiya matsala bayan matsala, wanda a kansa aka koya maka jera ƙorafi, abin da ka gani, fahimtarka, da shirinka, burinsa shi ne rubutu ya tilasta wa likita yin tunani. Gurbi na uku, wato me kake ganin yana damun mutumin nan yau kuma don me, shi ne ba a kwafowa. Ka rubuta shi sabo kullum ko da layi biyu ne.

Batun gargaɗi, kana da rabin gaskiya. Nazarce-nazarce sun nuna likitoci na tsallake tsakanin kashi 49 zuwa 96 cikin ɗari na gargaɗin magani, kuma yawancinsu sun cancanci a tsallake su. Laifin masu tsarawa ne da suka sa ƙaramin abu da babba suke fitowa da kama ɗaya. Amma ga inda sabo ke kaiwa. A 2013, a wani babban asibiti na San Francisco, wata likita ta so rubuta wa wani matashi ƙwaya ɗaya ta maganin kashe ƙwayoyin cuta, miligiram 160. Allon yana kan ma'aunin miligiram a kowane kilo na nauyin jiki, ba ta lura ba. Kwamfuta ta ninka da nauyinsa, ya zama ƙwaya 38 da rabi. Gargaɗi ya fito mata ta wuce, ya fito wa mai harhaɗa magani shi ma ya wuce, na'ura ta ƙirgo ƙwayoyin, nas ta duba lambar jikin magani ta ga ta dace da umarni, ta ba shi ya shanye. Yaron ya yi jijjiga, Allah ya sa ya rayu. Da a takarda ne, da wuya mai ba da magani ya ƙirga ƙwaya 38 da hannunsa bai tsaya ya yi tambaya ba. Gargaɗin yawan magani da na maganin da jikin mutum ba ya so, waɗannan biyun ka karanta su duk saurin da kake yi. Sauran da ka tabbatar shirme ne, ka rubuta su ka kai wa masu kula da manhaja a kashe su, tunda kai ka fi manyanka sanin yadda ake musu magana.

Tambaya: Likita, ina da wata lalura da ba na son dangi su sani, kuma akwai 'yar'uwar mijina da ke aiki a asibitin da nake zuwa. Tun da aka koma kwamfuta hankalina bai kwanta ba. Har likitata ta ce min ita ma akwai abin da take jin nauyin rubutawa. Za ta iya ganin bayanaina?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Ya danganta da aikinta da kuma yadda aka tsara manhajar. Tsari mai kyau yana ba kowa iya abin da aikinsa ke bukata: mai karɓar kuɗi ya ga lissafi, ɗan ɗakin gwaji ya ga gwajin da aka nema, bayanin likita kuma sai masu kula da ke. Wasu asibitocin sun bar ƙofa a buɗe, duk mai lambar shiga yana iya buɗe kowa. Wannan na daga cikin dalilan da likitocin ƙwaƙwalwa da na mata suka fi kowa ɗari-ɗari da kwamfuta, kuma ban ga laifinsu ba. A 2018 an sace bayanan mutum miliyan 1.5 daga tsarin lafiya na Singafo, har da na firaministan ƙasar. A 2020 aka gano an sace bayanan dubban masu ganin likitan ƙwaƙwalwa a Finland, ɓarawon ya riƙa aika wa mutane saƙo ɗaya bayan ɗaya yana neman kuɗi.

Sai dai ga matsala irin taki, ta mutum ɗaya da kika sani, kwamfuta ta fi takarda kare ki. Fayil ɗin takarda kowa na iya buɗe shi a kan tebur ya mayar ba wanda ya sani. A kwamfuta duk wanda ya buɗe sunansa na nan. A 2008 asibitin jami'ar UCLA ya kori ma'aikata, ya kuma hukunta likitoci, saboda sun leƙa bayanan wata shahararriyar mawaƙiya, kuma ta wannan sawun aka kama su.

Ki tambayi likitarki ko manhajarsu tana da hanyar kulle fayil, yadda duk wanda ba ya cikin masu kula da ke sai ya rubuta dalili kafin ya buɗe. In akwai, a sa miki. Ki kuma rubuta wa shugaban sashen bayanai takarda, ba sai kin ambaci lalurar ba, ki ce kina da 'yar'uwa a ma'aikata kuma kina so a hana ta shiga fayil ɗinki, a kuma duba jerin waɗanda suka taɓa buɗe shi. Abu ɗaya da ba zan so ku yi ba ke da likitarki shi ne ku bar ciwon ko maganinsa ba a rubuce ba. Ranar da aka kawo ki cikin gaggawa ba ta nan, wanda ya karɓe ki zai iya ba ki maganin da bai jitu da wanda kike sha ba.